Ruwa Ya Yi Gyara

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Sau uku hadari yana haɗuwa a gabas, sau uku iska tana kwashe shi ta bar mu da zufa. Shekaranjiya aka yi wani ɗan yayyafi wanda ko kaza ba ta nemi mafaka saboda shi ba. Da safe matar ɗana ta shigo gaishe ni, ta durƙusa ta ce, "Inna, ya ruwa?" Na ce mata bai kai na shuka ba. Ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya, ina kallonta.

An san ni da wannan a ƙauyenmu. Kowa ya san amsar gaisuwar nan guda ɗaya ce. Ko ruwan ya rushe maka katanga, ko ɗigo uku aka yi, cewa za ka yi ruwa ya yi gyara. Ni kuwa na kusa shekara ashirin ban faɗi haka ba. Yara suna ɗauka tsufa ne ya taɓa ni. Ba tsufa ba ne, Yaya Rakiya ce.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ce mace ta farko daga ƙauyenmu, nan ƙasar Sandamu, da aka ji muryarta a rediyo. Ba gata ne ya kai ta boko ba. Mai gari ne ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya, Baba kuma ya ga ba zai ba da namiji mai riƙe masa fartanya ba, sai ya miƙa ta, don dama surutunta ya ishe shi. Surutun nan shi ya zama abincinta. Ta yi koyarwa a Daura, daga nan ta shiga gidan rediyo a birni tana karanta katin gaisuwa, aka mai da ita shirin mata. Bayan mijinta ya rasu aka ba ta shirin manoma, wanda mazan wurin suke gudu saboda yawon daji.

Yadda take aikinta ke nan. Da bazara ta yi nisa sai ta rataya rikodarta, ta hau bayan ɗan acaɓa, ta bi ƙauyuka tun daga Zango har Mai'adua. Duk inda aka ce an yi ruwa, sai ta shiga gona ta naɗe hannun riga ta tona ƙasa da kanta. In danshi bai wuce wuyan hannunta ba, to ba ruwan shuka ba ne, ko liman ne ya rantse mata. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ta jero sunayen garuruwan da aka samu. Mu da ke gida ba mu da bukatar a gaya mana, muna ganin sama. Mazanmu da ke ci-rani a Kano da Kaduna su ne suke manne da rediyo. Da ta ambaci garin mutum, sai ya ɗaure kayansa ya nufo gida. Ba ta taɓa dawo da kowa a banza ba, har suka sa mata suna Uwar Damina.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu mun yi murna, ba na ɓoyewa, har guɗa na yi. Amma kowane gari da nasa masu zafin kai. 'Yan acaɓa suka fara gudun ɗaukar mace. Ban taɓa jin an karanta wata doka a kai ba, bakin mutane ne kawai da samarin da ke tsayuwa a bakin tasha suna zare ido. A ƙofar masallaci kuma aka shiga zancen cewa muryar mace al'aura ce. Wasu malamai suka ce ba haka abin yake ba, amma babban wanmu, Yaya Lawal, ɓangaren farko ya fi yi masa daɗi, don tun rasuwar Baba yake neman hanyar da zai dawo da ita gida. Mota ba ta shiga ƙauyukanmu sai ranar kasuwa. Haka Yaya Rakiya ta koma neman labarin ruwa ta wayar salula, tana kara ta a bakin rikoda, tana tsaki.

Shekarar da nake ba da labari, daminar baya ta yanke da wuri. Kafin tsakiyar bazara ina shiga rumbu da ƙafafuna in share gindinsa da tsintsiya. Kullum da asuba mu tafi rijiya, igiyar guga an ƙara mata tsawo sau biyu, na biyun da tsohon zanena. Abin da za a jawo rabi ruwa ne rabi laka, a bar shi ya kwanta kafin a sha. Da hantsi a dama kunu tsululu a raba wa yara. Manya sai yamma, kwaɗon busasshiyar rama da ɗan garin ƙuli, wata rana tuwon dusa. Da rana ta take babu mai motsi. Kaji su buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, awaki su ci leda, ƙasa ta ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Mutanen tsallaken iyaka suna wucewa daga wajen Mai'adua da shanu waɗanda za ka iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Abu ɗaya ba a taɓawa, damin iri da ke rataye a saman ɗakin surukata inda hayaƙi ke samunsa. A ƙarƙashinsa take kwana, ko kallonsa ka cika yi sai ta yi gyaran murya.

Wata Laraba da yamma aka yi yayyafi irin na shekaranjiya. Washegari da azahar matar mai kantin garinmu ta shigo da wayar mijinta, wadda ita kaɗai ce a ƙauyen, ta ce yayata tana nemana. Sabis ba ya kamawa a gidanmu sai an kife turmi a jikin danga an hau. Na hau. Surukata tana zaune a tabarma tana tsince rama, matan gida duk sun zuba mini ido.

"Hansatu? Hansatu, kina ji na? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Yaya."

"Da gaske?"

"Alhamdu lillahi."

Waya ta yanke. Na sauko daga turmi na ci gaba da aikina, ban sa komai a raina ba. An gaishe ni, na amsa. Kuma ko da na fahimci tambaya take yi, ban san ko bakina zai iya kushe ruwan Allah a gaban surukata ba.

Bayan la'asar muka kewaye rediyo kamar kullum. Ta jero garuruwa biyu na kudu, sai na ji ta yi 'yar dariyar nan tata, ta ce yau tana da albishir na gida, an samu ruwan shuka a mahaifarta. Ta faɗi sunan ƙauyenmu sau biyu. Matan gida suka kalli juna, surukata ta ce, "Wane ruwa?" Ni kuwa sanyi ya kama ni tun daga ƙafa, a cikin wannan zafin.

Ranar Asabar suka fara isowa. Na leƙa ta danga na ga maza suna sauka daga a-kori-kura da ƙullin kaya da sababbin fartanyu, suna tsayawa a bakin hanya suna kallon gonaki fari fat. Maigidana yana cikinsu. Ga-ruwa yake yi a Kano, ya yi shekara uku kafin ya samu kurar turawa da layin gidajen da yake kai wa ruwa, kuma ya san tun kafin ya fita tasha wani ya karɓe. Bakunan da muka tura birni don tukunya ta huta suka dawo mana gaba ɗaya, tun lokaci bai yi ba.

Zama ya fi yunwa cin maza. Kwana tara suna jere a gindin darbejiya, sai aka sake yin wani yayyafin mai ɗan ƙarfi. Tsofaffi suka ce a dakata. Ba su dakata ba. Maigidana ya hau ya kwance damin iri, uwarsa tana riƙe da ƙafar wandonsa. Aka shuka, gero ya tsiro kore shar, muka yi kwana huɗu muna murna. Daga nan sama ta washe kamar an wanke kwano. A sati na biyu tsiron ya naɗe ya zama kamar zare, iska ta binne shi.

Ranar da maigidana ya dawo daga duba gona ya kira ni tsakar gida, a gaban kowa.

"An ce kin yi waya da yayarki ranar. Me kika gaya mata?"

Kafin in buɗe baki surukata ta ce, "Ina zaune a nan. Gaisawa kawai suka yi, waya ta mutu."

Gaskiya ta faɗa. Mata biyar suka ji abin da na ce, babu wadda ta ji labari a ciki.

Ya dube ni ya ce, "To ki ji da kyau. Ranar da na tabbatar daga gidan nan maganar ta fito, a bakin aurenki."

Ba mugun mutum ba ne, Allah ya jiƙansa. Amma ya faɗa a gaban shaidu, kuma a lokacin ba a wasa da irin wannan furuci. 'Ya'yana huɗu, na biyar yana baya.

Yaya Rakiya ba ta jira an kira ta ba. Gidan rediyo sun dakatar da ita, sun ce sai ta kawo kaset ɗin da ta ɗauki labarin a ji wanda ya ba ta, sannan a duba maganar komawarta. Ta shigo mota zuwa Sandamu, daga nan ba ɗan acaɓan da ya yarda ya ɗauke ta, ta tako a ƙasa da rabin buhun garin rogo a kai. Ta aika wa mai gari cewa laifinta ne, tana neman afuwa. Mutane ba afuwa suke so ba, suna so su san wanda ya gaya mata. Wasu kuma sun riga sun gama hukunci: mace ce ta ɗaga murya kan abin da yake na Allah, shi ya sa aka riƙe ruwan.

Yaya Lawal ya samu abin da ya daɗe yana nema. Ya ce mata, "Ba za ki ƙetare zauren nan ba sai kin faɗi sunan mutumin. In kin ƙi, ki zauna har Allah ya sauko da ruwan da kika yi wa ƙarya." Ta ce to.

Gidanmu na haihuwa da gidan aurena danga ɗaya ta raba su, ta kara ce, akwai wata kafa da awaki suka yi. Ta nan nake ganinta. Matar da ta san kowace hanya a ƙasar Daura, ga ta tsakanin ɗaki da madafa da bayan gida. Kwana uku da fara daka hannunta ya yi kanta ya fashe, matan Yaya Lawal suna yi mata dariyar 'yar boko. Da hantsi takan tsaya gaban awaki ta gyara murya ta karanta musu labaran duniya, ta ce wai kada muryar ta yi tsatsa. Tun muna dariya har muka daina. Ranar Alhamis wani namiji ya karanta shirinta, yana kiran sunayen ƙauyuka a karkace kamar baƙo. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗaki. Ranar na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kasa haɗiye tuwo duk da yunwar da nake ciki.

Washegari da rana tsaka, kowa ya shige inuwa, na tsuguna a kafar danga na kira ta.

"Yaya, kaset ɗin yana nan?"

"Yana cikin akwatina."

"Muryata ta fito?"

"Tar da ita. Har kukan yaronki."

"Ki kai musu. Ko ni in je in faɗa."

Ta matso har ina jin numfashinta ta cikin kara. "Ki faɗi me? Cewa an gaishe ki kin amsa? Ni ce na yi shekara da shekaru ina yawo cikin Hausawa, aka wayi gari ban san gaisuwa ba. Ban taɓa faɗar ruwan da hannuna bai taɓa ba sai ranar. Saura sa'a biyu a shiga shiri, ga muryar ƙanwata, ga shi ina so in faɗi sunan garinmu. Ke gaisuwa kika yi, Hansatu. Labari ni na yi shi."

"Amma za su raba ki da aikinki."

"In an kore ni ina da biro. Ke in an kore ki, ina za ki da yara biyar a wannan shekarar? Gidan Yaya Lawal, mu haɗu muna karanta wa awaki labarai? Tashi ki tafi kafin a gan ki."

Na tashi na tafi. Wannan shi ne abin da na yi, ba zan yi masa kwalliya ba. Na ji sauƙi a raina, kuma na tsani kaina saboda sauƙin.

Aka fita roƙon ruwa sau biyu, maza suka juya rigunansu, aka fito da dabbobi suna kuka. Garin rogon da ta kawo ya ƙare. Muka koma tsinko ganyen da a da awaki kawai muke ba wa. Kullum da yamma sai hadari ya taso baƙi ƙirin, kowa ya fito da tukwane, iska ta zo ta watse shi, a mai da tukwane ɗaki. Ta yi kwana talatin da wani abu a gidan nan.

Ruwan ya zo wata Talata bayan azahar, ba tare da wani dogon hadari ba. Ƙamshin ƙasa ne ya fara isowa, sannan ɗigo manya manya masu zafi a fata, sannan kamar an ɓalle bakin tulu. Yara suka fita tsirara. Ina tara ruwa a bakin indararo na hango ta ta kafar danga, tsaye a ƙofar ɗaki, ta miƙa rikodarta waje ƙarƙashin bunu, jan maɓallin a danne. Ta daɗe a haka. Na ce a raina, wannan mata da son aiki take, an dakatar da ita ma ba ta bari ba.

Iri kuwa ashe bai ƙare ba. Da gari ya waye sai ga kowace mace tana fito da ɗan ƙullin da ta ɓoye wa mijinta, wata daga cikin matashi, wata daga gindin tulu. Surukata ta fi kowa, ƙwarya guda ta binne a ƙarƙashin gadonta tun ranar da ɗanta ya hau kwance dami. Aka haɗa aka raba. Ranar babu kulle, gari duka ya fita. Maza a gaba suna sara da sungumi, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Yaya Rakiya tana layi ɗaya da ni. Da muka kai ƙarshen gona ta durƙusa ta naɗe hannun riga ta tona. Danshi ya kai mata har gwiwar hannu. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi ƙasar da ke hannunta, ta goge a zane. Babu inda za ta faɗa.

Bayan an gama noman farko Yaya Lawal ya ƙyale ta ta koma birni. Ta ce musu kaset ɗin ya lalace. Ba su kore ta ba, amma shirin ya zama na wani, ita kuma aka ba ta ɗakin ajiyar kaset, ɗaki marar taga. Na je sau ɗaya, na same ta tana manna wa muryoyin mutane takarda tana jerawa. A nan ta zauna har ta yi ritaya. 'Yan matan da ke magana a rediyo yanzu, da yawa a ɗakin nan ta koya musu yadda ake numfashi a gaban makirfo, da yadda ake tambaya sau biyu. Ita dai ba a sake jin muryarta ba.

Yanzu kowa da wayarsa a aljihu, ɗan ci-rani yana ganin gonarsa a hoto kafin ya sayi tikitin mota. Mata suna hawa keke mai ƙafa uku su je inda suke so. Maigidana ya rasu shekara shida da suka wuce bai sani ba. Bayan na fita takaba babu sauran abin da ya ɗaure mini baki, amma ban faɗa ba. Na ce wa kaina maganar ta tsufa. Tsofaffin garinmu kuwa har yau in an ambace ta sai wani ya ce, "Ai ita ce ta dawo da mutane a banza."

Da ranin da ya wuce Yaya Rakiya ta rasu a Daura, a gidan 'yarta kusa da rijiyar Kusugu. Bayan sadakar bakwai 'yar ta miƙo mini wata jaka, ta ce, "Inna Hansatu, wannan ta ce naki ne." Tsohuwar rikodar ce, da kaset ɗaya a ciki, an rubuta sunana a jiki. Na kawo gida na tura ƙarƙashin gado. Tsoron jin muryata nake yi.

Jiya, kwana ɗaya bayan matar ɗana ta yi mini dariyar nan a ɓoye, na aika aka sayo batir. Na rufe ƙofa na danna.

"Hansatu? Hansatu, kina ji na? Ya ruwa?"

Sai wani ɗan ƙas. Daga nan ruwa. Ruwa a kan bunu, ruwa a cikin tukwane, ihun yara daga nesa, akuya tana kuka. Na zauna ina jiran inda muryata za ta fito, har kaset ya kai ƙarshe maɓalli ya ɗago da kansa. Babu ni a ciki. Tun ranar Talatar nan ta shafe ni, ina kallonta ta kafar danga ina cewa son aiki ne.

Na yi kuka, na gode Allah ba kowa a gidan. Da na gama na ɗauki mayafi na zagaya gonar bayan gida, na durƙusa da ƙyar na tona ƙasa. Na dawo na mai da kaset farko, na sake dannawa. Ta sake tambayata.

Na ce, "Bai kai wuyan hannu ba, Yaya. Kada ki faɗa tukuna."